Hajo Mai Tuwon Ƙwai

A unguwar Yola ta ƙasar Ƙaraye, duk gidan da za a kai gara, to ƙafar mutanensa sai ta taka zauren Hajo. Alkakinta ba ya tauri ko ya yi wata a cikin kwalla, dubulan ɗinta kuwa har tausayin karya shi ake ji. Amma ba da waɗannan aka fi saninta ba. Akwai wani abu da take yi da damina kawai, lokacin da zabi suka saki ƙwai, wani abu mai santsi, ruwan zinariya, da yake rawa a faranti idan an taɓa shi. Mutane suka rasa sunan da za su ba shi, sai suka ce tuwon ƙwai. Sunan ya bi ta har tsufa.

Ita ba 'yar Ƙaraye ba ce. A Jajaye aka haife ta, can ƙasar Rogo, gidan masu rake. Mahaifinta mazarƙwaila yake yi. Tun tana 'yar mitsitsiya ake aikenta ta kai masa fura a bakin fadama, inda doki yake zagaye yana juya abin matsa, ruwan rake yana tsiyaya a garwa. Sai ta ajiye ƙwaryar ta tsuguna gefen babban kasko, ta zuba wa tafasar ido. Kumfa ya taso ya faɗa, ya sake tasowa, ita kuwa tana ganin garuruwa a ciki, da ganuwa da ƙofofi, da raƙuma suna shiga suna fita. Sai an daka mata tsawa take tuna cewa ana jiranta a gida.

Mahaifiyarta takan ce, “Wannan yarinya jikinta ne kawai a nan. Allah kaɗai Ya san inda sauran yake kwana.”

Duk da haka hannunta yana da albarka. A wurin uwar ta koyi murza alkaki da dakan nakiya, kuma kafin ta isa aure ta fi ta iyawa, uwar ma da bakinta take faɗa.

Yusha'u ya gan ta ne ranar kasuwar Rogo tana riƙe da tiren alewa. Ya saya, ya tafi, ya dawo ya sake saya, har ta ce masa, “Malam, haƙoranka fa?” Ya ce ai ba don haƙora yake saye ba. Manomi ne mai sanyin hali, ɗan dawa da gyaɗa, ba shi da yawan magana. Bayan kaka aka ɗaura, aka kawo ta Yola.

Suna da 'yarsu ta fari, Munawwara, tana goye, aka fara aikin babbar madatsar ruwa. Manyan motoci suka cika ƙasar, aka kafa wa ma'aikata gidaje a wani tudu, da fitilu da famfo. Yusha'u ya sami aikin gadi da rani a gidan wani injiniya, mutumin wata ƙasa da ake ce wa Fotugal. Injiniyan da matarsa ya zo. Sunanta Lurdes, amma harshen mutanen gari ya ƙi ɗauka, sai suka mai da ita Ladi, ita ma ta amsa.

Da ƙaramar Salla Hajo ta zuba alkaki a sabuwar kwalla ta ce wa mijinta ya kai wa masu gidansa, kada a ce ba su san Salla ba. Da yamma ya dawo yana murmushi.

Ya ce, “Baturiyar nan ta hana ni sakat. Ta ci ɗaya ta rufe ido, ta ci na biyu ta yi ƙwalla. Wai yana mata kama da wani abu da kakarta take yi. Ta ce lallai sai ta ga mai hannun.”

Hajo ta ce, “Ni? Malam, da wane bakin zan yi mata magana?”

“Tana ɗan jin Hausar kasuwa. Abin da ya gagara, ina bakin taga.”

Haka kuwa aka yi. Ta yafa mayafi, ta goya Munawwara, suka hau tudun. Ladi doguwa ce siririya, baƙin gashi, ba fara sol ba kamar yadda Hajo ta zata. Ta riƙe hannunta biyu ta ce, “Sannu, Ajo, sannu,” don ba ta iya fitar da harafin farko na sunan ba. Ta ja ta har ɗakin girki, ta nuna alkakin, ta nuna hannunta, ta ce, “Koya.”

Tun daga ranar, duk sati Hajo takan hau tudun da hantsi. Ta koya wa Ladi yadda ake jiƙa tsakin alkama da ruwan tsamiya a bar shi ya kwana, yadda ake murzawa a naɗe, yadda ake tsoma shi cikin zuma yana da zafi. Na Ladi kullum sai ya fito a karkace, su yi ta dariya. Ita kuma Ladi ta buɗe mata nata. Ta dafa shinkafa da madara da ɓawon lemo har ta yi kauri, ta zuba a faranti mai faɗi, sannan ta ɗebi garin kirfa da yatsu biyu tana zana layuka a kai. Hajo ta karɓa ta zana irin adon da ake yi wa ƙwarya. Ladi ta tafa hannu, ta hana kowa taɓa farantin sai da mijinta ya dawo ya gani.

Abin da ya fi ɗaure wa Hajo kai shi ne ɓarnar ƙwai. Ladi takan fasa su da yawa, ta ware gwaiduwa gefe, ta kaɗa da madara da sukari. Ta ɗora wani sukarin a wuta har ya narke ya yi duhu, ta shafe cikin wani gwangwani mai rami a tsakiya, ta juye ƙwan, ta zaunar da gwangwanin cikin ruwan zafi. Idan ya huce ta kife shi a faranti, sai ga abu ya sauko yana sheƙi, ruwan sukari yana gangarowa ta gefensa. Ranar da Hajo ta fara sa shi a baki, ba ta san lokacin da ya wuce ba. Ta nemi abin taunawa ta rasa.

Ladi tana aiki tana ba da labari, rabi da Hausa, rabi da hannu, Yusha'u yana cike giɓin ta taga. Ta ce a ƙasarsu akwai wasu mata masu ibada da suke kulle kansu a manyan gidaje ba sa aure. An ce da farin ƙwai suke sa wa tufafi sitaci, gwaiduwa ta yi ta taruwa, shi ne suka ƙirƙiri irin waɗannan kayan zaƙi don kada ta lalace. Ta ce maƙwabtansu na Sifen suna haɗa zuma da wasu 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa su yanka sala-sala, kuma ana cewa wurin Larabawa Musulmi suka gada, waɗanda suka zauna a can zamani mai tsawo.

Hajo ta ce, “Ai kantu ne! Malam, ka ji wai har da Musulmi a can?”

Yusha'u ya ce ya taɓa jin malaminsu yana ambaton Andalus a wurin tafsiri, wataƙila nan ne.

A bangon ɗakin akwai hoton garin su Ladi. Duwatsu ne aka yanka hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da layin itacen inabi, can ƙasa kogi yana kwance. Ladi ta ce mahaifinta a nan yake noma. Idan kaka ta yi, maza sukan shiga wani babban kwarami na dutse su tattake inabin da ƙafa suna waƙa. Daga ruwan ake yin wata giya mai zaƙi, baƙa, wadda ake sha kaɗan a ɗan ƙaramin kofi bayan an ci abinci. Tana da kwalba ɗaya a saman kabad. Ba ta taɓa miƙa wa Hajo ba, ta san addininta, har tukunyar da take zuba ta ma daban take ajiyewa. Amma wata rana ta buɗe don ta ɗiga a wani girki na mijinta, ƙamshin ya cika ɗakin. Hajo ta tsaya cak. Kamar dabino, kamar zabibi, kamar kaskon mahaifinta idan ya kusa sauka, da wani abu kuma can ƙasa da ba ta san sunansa ba.

A hanyar gida, sai da suka kusa isa ta ce, “Malam, na shaƙi ƙamshin abin nan. Kuma ya yi mini daɗi. Ina da laifi?”

Yusha'u ya yi 'yar dariya ya ce, “Hanci ba shi da marfi, Hajo. Bakinki dai ki riƙe.”

Ta riƙe. Amma daga lokacin, idan ta kishingiɗa bayan azahar a inuwar rumbu, sai ta ga kanta tana hawa matakalan nan da goyo a bayanta, ganye yana shafar kafaɗarta, iska mai sanyi tana tasowa daga kogi. Wani lokaci a saman dutsen sai ta tarar da dokin mahaifinta yana zagaye. Wani lokaci matan nan masu ibada ne suke zaune a tabarma suna fasa ƙwai, suna gaishe ta da Hausa.

Ladi ba ta taɓa haihuwa ba. Takan karɓi Munawwara ta ce a ɗaura mata ita da zani, ta yi ta yawo da ita a tsakar gida tana yi mata waƙa da yarensu. Da aikin madatsa ya ƙare, aka fara kwashe kaya, ta aiko a kira Hajo. Ba su yi wata doguwar magana ba, dama ba su da kalmomin. Ladi ta ɗauko gwangwanin nan mai rami ta sa mata a hannu. Hajo ta cire zoben azurfa na hannunta ta ba ta. Suka rungumi juna suna kuka, Yusha'u ya juya baya yana duban ruwan da ya fara taruwa a kwari.

Gwangwani ya zo gida, amma abin bai zo da sauƙi ba. Na farko ya fito da ramuka kamar saƙar zuma. Na biyu ya ƙi daskarewa. Ƙwan kaji kuwa ba abin wasa ba ne, kowa so yake a ƙyanƙyashe masa. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa Hajo ta koyo abincin Nasara, wa ya san abin da ake zubawa. Ita dai ta ci gaba da gwaji. Ta jira damina, lokacin da Fulani suke shigowa da ƙwan zabi a ƙwarya da ɗanyar madara mai ɗumi. Ta bar sukari ta koma mazarƙwailar gidansu. Ta gane cewa wutar kara tana da gaggawa, sai ta koma garwashi, ta ɗora madambaci, ta rufe da faifai, ta bar tururi ya yi aikinsa a hankali. Ranar da ya fito sumul, Yusha'u ne kaɗai a gida. Ya ci cokali ɗaya, sannan ya ce, “Wannan ya fi na tudu.” Ta san son kai ne, amma ta ji daɗi.

Bikin sunan ɗan Dagaci ne ya fitar da ita. An ba ta aikin alkaki, sai ta yi ƙarfin hali ta haɗa da tuwon ƙwai guda, ta rufe da kwano. Da aka buɗe, mata suka yi ta kallonsa, ba wadda ta miƙa hannu. Mahaifiyar Dagaci, tsohuwa Lantana, wadda haƙoranta suka daɗe da yi mata sallama, ta ce a miƙo mata.

Ta ce, “Ke Hajo, me da me a ciki?”

“Iya, ƙwan zabi ne da madara da mazarƙwaila, sai ɗan ɓawon lemo. Wallahi ba komai bayan wannan.”

Tsohuwa ta yi bisimilla ta kai baki. Ta lumshe ido. Can ta ce, “Ku ci alkakinku, masu haƙora. Wannan namu ne. Rabon da abinci ya ji tausayina haka har na manta.”

Kafin a watse an suɗe farantin. Daga nan duk gidan da ake da tsoho, ko mai jinya, ko mai jego da bakinta ya ƙi abinci, sai a aiko wurin Hajo. Har daga Yammedi ake zuwa. Idan ba lokacinsa ba ne ta ce a yi haƙuri sai zabi sun yarda.

Shekaru suka tafi. Ta haifi wasu 'ya'yan, ta aurar, Munawwara ta yi karatu ta zama malamar firamare. Sannan ciwo ya kama Yusha'u a maƙogwaro. Aka je asibiti a Kano aka dawo, tuwo ya gagara, fura ma ta gagara. Tuwon ƙwai kaɗai yake wucewa. Rani ne, babu ƙwan zabi, Hajo ta bi gida-gida tana neman na kaji, kuma ba wanda ya hana ta. Takan zauna gefen shimfiɗarsa ta ba shi da ɗan cokali, yana haɗiya da ƙyar yana kallonta.

Wata rana ya ce, “Hajo, har yanzu kina zuwa garin nan na kan dutse?”

Ta yi mamaki, don ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce, “Wa ya faɗa maka?”

“Fuskarki. Tun ina gadi nake gani. In kin sake zuwa, ki tafi da ni.”

Kafin ruwan farko ya sauka Allah Ya karɓi abinsa. Hajo ta yi takaba ta fita, amma ta kife gwangwanin a ƙarƙashin gado. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Fulani suna sallama da ƙwai tana cewa su yi gaba. Alkaki tana yi, don bakin mutane, amma wancan ta ce hannunta ya manta.

Munawwara ce ta ga abin ya yi yawa. Wata Asabar ta zo da mota ta ce, “Inna, shirya mu je Jajaye. Muntaka yana ta tambayarki, ya ce akwai abin da zai nuna miki.”

Muntaka ɗan wanta ne, shi ya gaji fadamar raken. Ya tare su da murna, ya durƙusa ya gaishe ta, aka sha ruwa, aka yi ta'aziyyar waɗanda aka rasa. Sannan ya ce, “Gwaggo, taho ki ga haukan da na yi, wanda duk gari ake mini dariya.”

Ya bi da su bayan raken. A wani ɗan fili ya kafa ginshiƙai ya ja waya a sama, ganye ya rufe wayar ya zama rumfa. Ya ce wurin manoman maƙwabta na ɓangaren Kaduna ya ga ana yi, ya roƙi iri. Hajo ta sunkuya ta shiga. Haske yana ratsowa kore-kore, ga nonnan inabi suna reto a saman kanta, baƙaƙe, da wata farar ƙura a jikinsu. Ta ɗaga hannu ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai tsoron kada ta farka. Babu dutse, babu kogi, ga kukan injin ban-ruwa, ga warin taki. Amma ta daɗe a tsaye, leɓɓanta suna motsi. Daga baya Munawwara ta ce ta ji kamar tana cewa, “Malam, ga shi mun zo.”

A ranar ta sa aka tsinko mata cikin kwando. Ta wanke, ta matse da hannunta a ƙwarya, ta tace, ta ɗora a wuta nan take tun bai san kwana ba, balle ya juya ya zama abin da aka hana. Ta jefa dabino da kanumfari, ta zauna tana juyawa har ya ƙafe ya yi kauri ya yi baƙi. Barira, matar Muntaka, ta ce duk unguwa an ji ƙamshin.

Munawwara ta ce, “Inna, shi ne irin wanda kika ji a gidan Ladi?”

Hajo ta shaƙa, ta yi tunani, ta girgiza kai tana dariya. “Ɗan'uwansa ne. Wancan akwai wani abu a ƙasansa. Ina jin abin nan shi ne haramcin.”

Da ta koma Yola ta jawo gwangwanin ta wanke shi da toka. Daminar da ta biyo aka sake ganin tuwon ƙwai, wannan karon da baƙin ruwan inabi a kansa ga wanda ya yi sa'a. Munawwara ta yi ƙoƙarin nemo Ladi a waya. Suka zauna tana ta nuna mata hotunan mata tsofaffi masu suna Lurdes, ga su nan ba iyaka, ba su kuma san sunan mahaifinta ko na garinsu ba. Hajo ta duba har idonta ya gaji, ta ce a bari. Ta ce ita a wurinta Ladi tana nan da baƙin gashinta, ba ta son a tsofar mata da ita.

Yanzu ganinta ya ragu, Barira ce take zuwa ta kwana biyu tana koyon aikin, Hajo tana gane nunarsa da hanci. Muntaka ya ba ta reshe ɗaya ta dasa a bakin rijiya. Awaki suka cinye, ta sake dasawa ta kewaye da ƙaya. Ya kama, ya hau rumfar ɗakinta ya bazu, sai dai bai taɓa yin ko ɗa ɗaya ba. Kwanakin baya Muntaka ya zo da almakashinsa ya ce, “Gwaggo, wannan sai an aske shi tas, a bar shi tsirara, sannan zai haihu. Haka ake yi.”

Ta ɗaga kai ta dubi ganyen, yana ta kaɗawa a saman tabarmarta.

Ta ce, “A'a, ɗana. Naka su haihu, ka riƙa aiko mini. Wannan bar mini shi da rigarsa.”

Muntaka ya mai da almakashin aljihu. Ta matsa masa a tabarma, ta ƙwala wa Barira kira ta kawo masa abin da ya huce a faranti.